Makullin Rumbu Ya Koma Aljihun Matasa



A kakar da ta wuce wani baba a cikinmu, wanda ba za mu kama sunansa ba, ya sayar da masara buhu 12. Dillali bai ƙirga masa tsaba a hannu ba, ta waya ya tura masa, kamar yadda ciniki ya koma yanzu. Bayan kwana uku, da yamma, Baba yana zaune a ƙofar gida sai waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, Hausa tsaf, ga ladabi: "Baba, barka da yamma, daga banki ne." Ta faɗi cikakken sunansa, ta faɗi ranar haihuwar da ke jikin takardunsa, sannan ta ce lambarsa ta BVN ta samu matsala, in ba a gyara a daren nan ba za a rufe asusun kafin gari ya waye.

Baba ba ya karatu, saboda haka ya yi abin da kowane dattijo yake yi, ya kira jikansa. Yaron ɗan zumuntarmu ne, yana cikin mawaƙa, ya gama sakandare, shi ne ma yake gyara wa rabin unguwar wayoyinsu. Ya karɓi wayar ya ce, "Hajiya, ina jin ki." Shi ya karanto lambobin da ke gaban katin, ya juya ya karanto uku na baya, da saƙo ya shigo da wasu lambobi shida ya karanto su ma. Matar ta yi godiya, har ta sa masa albarka. Kafin Baba ya gama cin tuwon dare, kuɗin damina guda sun fita.

Ba a ranar muka ji ba, ba kuma a wannan makon ba. Sai da aka yi sujadar godiya ta kaka muka ga gurbin Baba a benci babu kowa, shi da bai taɓa fashi ba, sannan aka bi sawu. Wata biyu ke nan suna riƙe da maganar su biyu, kakan yana rufa wa jikan asiri, jikan kuma kunya ta hana shi zuwa koyon waƙa.

Mun kawo wannan labari ne saboda abu ɗaya da ke cikinsa da ya dame mu. Kullum in ana zancen damfarar banki sai mu ce ai tsofaffi ake cuta, waɗanda ba su je makaranta ba. To a nan wanda ya je makarantar ne ya buɗe ƙofar. A da dukiyar gida tana rumbu, makullin yana wurin maigida, ɓarawo kuwa sai ya haura katanga, kare ya yi haushi, maƙwabta su fito. Yau rumbun yana cikin waya, makullin kuma ya koma aljihunmu mu matasa. Mu muke karanta wa Mama alat, mu ake aika wurin mai POS da kati da lambar sirri, mu muke buɗe wa Kawu asusu a manhaja. An ɗora mana gadin gida ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana gadin ba, mu ma kuma ba mu nema ba, domin muna ganin iya danna waya shi ne sanin waya.

Yadda muka iso nan ma ba da shiri ba ne. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN tun Fabrairun 2014, amma shekaru da yawa bayan haka mutanenmu da dama a Tudun Kaya, Turawa, Zarewa da Fulatan ba su da abin da ya haɗa su da banki. Canjin kuɗi ne ya tura kowa ciki. An sanar da shi a Oktoban 2022, aka sa wa tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000 wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar su. Kowa ya tuna waɗannan makonni. Mai noman rani a bakin madatsar Challawa ya kawo kaya kasuwa, mai saye ya ce ba tsaba sai tiransifa, in ka ƙi kayanka su lalace. Cikin 'yan kwanaki aka buɗe asusu barkatai, da yawa a gindin bishiya, a wayar wani, da lambar sirrin da wani ya zaɓa wa mai asusun. Tsabar kuɗi ta dawo daga baya, amma asusun nan suna nan, yadda aka buɗe su cikin gaggawa haka suke har yau.

Hukumar NIBSS, wadda ta hanyarta tiransifa tsakanin bankuna take bi, ta ce an yi asarar naira biliyan 17.67 ta hanyar damfara a 2023, a 2024 kuma biliyan 52.26. Wannan abin da aka kai rahoto ne kaɗai. Kuɗin Baba na wata biyun nan ba su cikin lissafin kowa. Rahotannin hukumar kuma suna maimaita abu guda: hanyar da ɓarayin suka fi bi ita ce yaudarar mai asusun da baki. Fasa kwamfutar banki aiki ne mai wuya. Kiran mutum a tsorata shi, katin waya na naira 100 ya isa.

Wanda ya karanta Farawa sura 27 ya san dabarar ba sabuwa ba ce. Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe, Yakubu ya shigo masa sanye da tufafin wansa, da fatar ɗan akuya a hannuwa. Abin lura a labarin shi ne tsohon ya yi shakka. Kunnensa ya gaya masa gaskiya, ya gane muryar, har ya sake tambaya. Amma aka ba shi abin shafawa da abin shinshinawa, sai ya bar abin da ya ji ya bi abin da aka nuna masa. Ɗan damfara na yau ma da fatar akuyarsa yake zuwa: sunanka, ranar haihuwarka, sunan bankinka, wani lokaci har lambobin ƙarshe na asusunka. Jikan Baba ya gaya mana cewa zuciyarsa ta ɗan yi ɗar da aka nemi lambobin bayan kati, amma ya ce a ransa, wadda ta san wannan duka ai daga banki take.

To daga ina suke samun sunayen? Da yawa daga hannunmu. Tun lokacin korona a 2020 ake ta yawo da saƙonnin tallafi a WhatsApp: gwamnati za ta raba kaza, danna nan ka cike. Mun cike wa kanmu, mun cike wa iyayenmu, mun kuma tura a zauren zumunta da kyakkyawar niyya don kada ɗan'uwa ya rasa rabonsa. Akwai kwafin katin NIN da muke bari a shagon hoto da kwafi. Akwai masu zuwa ƙauye da littafi suna rubuta sunaye, wai za a raba taki. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan matasa da ke bi gari gari suna sayen bayanan NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar gaba, a buɗe asusun damfara da su. Kuɗin da bai kai na tiyar shinkafa ba mutum ya sayar da sunansa, ranar da aka zo kama ɓarawo kuwa sunan da ke jikin asusun za a bi.

Saboda haka sanin sunanka ba shaidar komai ba ne. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirrinka, ko lambobin katinka, ko lambobin nan da ake turowa ta saƙo da ake kira OTP. Ba ya tambaya da safe, ba ya tambaya da dare, ba ya tambaya don BVN ta samu matsala. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da muryar mala'ika yake magana. Kashe wayar ba rashin tarbiyya ba ne. Mun san an raine mu da cewa ba a katse wa babba magana, ba a kashe wa baƙo waya, kuma da wannan tarbiyyar tamu ce suke cin abinci. In da gaske asusun yana da matsala, gobe ma rana ce, a hau mota a je banki a ji daga bakin wanda ake gani. Ba a taɓa yin asusun da ya narke don an bar shi ya kwana ba. Duk inda ka ji ana cewa yanzu-yanzu, kafin minti biyar, to ka tuna sauri ya haifi nawa.

Akwai wata hanya da aka ɗinka daidai jikinmu mu masu bi, kuma ta fi ba mu haushi. Za a kira ka, a gaishe ka cikin sunan Ubangiji, a ce daga zauren zumunta ne, an shirya taron addu'a ta intanet da ƙarfe takwas, za a turo maka lambar shiga, ka karanto don a sa sunanka. Lambar da ta shigo ba ta taro ba ce, lambar WhatsApp ɗinka ce. Da ka karanto, ka fita daga wayarka, shi ya shiga. Daga nan sai saƙo ya fara zuwa wa duk wanda ke jerin sunayenka, da hotonka, da irin gaisuwarka: ina asibiti, tiransifa ta ƙi, taimake ni da dubu 20 zan mayar gobe. In wayar Fasto ce aka kama, ko ta shugabar zumuntar mata, wa zai tsaya tambaya? Mutum zai ga ai hidimar Allah ce. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa lambobi shida naka na kanka. Wanda ya sace lambar farko zai tarar da ƙofa ta biyu a kulle. Sannan mu sa wa kanmu doka: duk saƙon neman kuɗi, ko daga Fasto ne, sai an kira an ji murya. Fastocinmu ba za su ji haushi ba. Wanda zai ji haushin an tabbatar shi ne wanda bai so a tabbatar.

Sai maganar layin waya, wadda muka fi yi wa sakaci. Yawancin iyayenmu ba su da babbar waya, da lambobin nan na tauraro suke aiki, *894#, *737#, *919#, *901#, *966# da sauransu, gwargwadon bankin mutum. Ma'anar wannan ita ce sim ɗin nan ƙarami shi ne banki. Wanda ya riƙe shi zai iya danna *565*0# ya ga BVN, zai iya karanta tsofaffin alat ya san banki da abin da ke ciki, saƙon OTP kuma hannunsa zai shigo. Yanzu mu tambayi kanmu inda wayoyin gidanmu suke kwana. Saboda rashin wuta muna kai su shagon caji da safe mu ɗauko da yamma, da sim a ciki, ba kulle. Ba muna zargin masu caji ba ne, yawancinsu 'yan'uwanmu ne masu neman na kansu, amma shago mai waya 50 da mutane suna shiga suna fita ba wurin ajiye makullin rumbu ba ne. Kowane sim yana da kulle nasa, dabam da na waya, wanda in an sa shi, duk wanda ya cire sim ya sa a wata waya sai an tambaye shi lamba. Sai dai a yi hattara wurin sawa: in aka yi kuskure sau uku layin zai toshe, sai an nemo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Shi ya sa katin nan ba abin yarwa ba ne.

Lambar sirrin ita kanta abin dariya ce da ba dariya. Shekarar haihuwa, 1234, ko lambobi huɗu na ƙarshen lambar waya. Mun ga kati da aka rubuta masa lambar a baya da biro don kada Mama ta manta. Haka kuma wanda ya jefar da tsohon layi bai je banki ya canza ba, ya sani cewa layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani, alat ɗinsa kuma zai ci gaba da zuwa can.

Na wurin POS ba sai mun daɗe a kai ba, kowa ya ji irinsa. Kada ka faɗi lambarka da baki don mai shago ya danna maka, ka rufe da hannu ka danna da kanka, ka kuma duba katin da aka miƙo maka ko naka ne, domin katunan banki ɗaya kamarsu ɗaya. Masu sayar da kaya kuma, saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Kafin buhu ya hau mota a duba abin da ke cikin asusun.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi a baki, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A labarin Ishaku ba baƙo ne ya shigo daga jeji ba, ɗan gida ne, da taimakon 'yar gida. Akwai kuɗin iyaye da suke raguwa ba tare da wani ya kira daga ko'ina ba. Ɗa ya san lambar uwarsa, ya ɗauki dubu biyu ya sayi data, gobe ya ɗauki dubu biyar ya buga cacar ƙwallo da niyyar in ya ci zai mayar, ya goge alat. In Mama ta yi ƙorafi sai a ce mata banki ne suke yanka. Mun ji wannan amsar da kunnenmu, fiye da sau ɗaya. Sunan abin sata ne, kuma ya fi na mai kiran waya muni, domin shi mai kiran ba a ba shi amana ba.

Akwai kuma aron asusu. Aboki daga Kano ko Zariya zai ce, "Ɗan'uwa, asusuna yana da matsala, za a turo kuɗi ta naka, ka cire ka ba ni, ka riƙe dubu biyar." Kai kana ganin alheri ka yi, har da ɗan samu. Ka tsaya ka yi tunanin inda kuɗin Baba suka bi a daren nan. Ba asusun matar da ta kira suka shiga ba, ba ta da wannan wautar. Sun shiga asusun wani yaro ne irinmu, aka rarraba su zuwa wasu, aka cire a POS kafin safiya. In babu masu ba da aron asusu, sana'ar nan ba za ta yi ba. Kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokar hana halasta kuɗin haram, ba sa sallamar mutum don kawai ya ce aboki ne ya roƙe shi. Shi abokin zai kashe waya, kai ne hotonka yake jikin BVN.

Mu faɗi gaskiya kuma, 'yan yahoo suna burge wasunmu. Muna kallon motocinsu a Instagram muna cewa ai Turawa suke ci, kamar Bature ba mutum ba ne, kamar kuma wanda ya saba cin na nesa zai ƙyale na kusa ranar da kasuwa ta yi sanyi. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, yana da mabiya fiye da miliyan biyu a Instagram lokacin da aka kama shi a Dubai a Yunin 2020. A Nuwamban 2022 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni. Hotunan motocin muka gani, ba wanda ya nuna mana hoton waɗanda aka kwashe wa kuɗin.

Ɗan'uwan wannan shi ne kuɗin da ke haihuwa ba tare da aiki ba. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, ana gab da Kirsimeti. Muka ce mun yi hankali. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, bayan ta yi alkawarin ninka su cikin wata guda. Abin da ya sa muke kawo su a nan shi ne irin waɗannan abubuwa ta hanyar amincewa suke yaɗuwa, majami'a kuwa cike take da amincewa. Wanda ya shiga da wuri ya samu, sai ya tashi ya ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa ƙofa, ya fitar da zakka, mutum goma su bi shi bayan sujada. Ba da mugunta ya yi ba, amma ribar da ya ci kuɗin waɗanda suka shigo bayansa ne. Muna roƙon shugabanninmu, cikin girmamawa, kada a bar bagade ko zauren zumunta ya zama wurin tallar irin wannan. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta haramta shi a fili, kuma duk kamfanin da ke karɓar jarin jama'a dole ya kasance da rajistar hukumar SEC. Manomi ya fi kowa sanin cewa babu irin da ake shukawa yau a girbe jibi.

Kada a ce mun ɗora wa talaka laifi mun wanke manya. Bankuna da kamfanonin waya suna da nasu kason, kuma ba ƙarami ba. Saƙonnin gargaɗi da Turanci suke zuwa wa mutanen da ba sa jin Turanci. Layin koke-koke yakan cinye katin mutum kafin wani ya ɗauka. Wanda ke ƙauyen Rogo, kusa da iyakar Kaduna ko Katsina, sai ya kashe kuɗin mota da yini guda kafin ya ga ma'aikacin banki ido da ido. Rahotannin masana'antar kansu suna nuna ana korar ma'aikata saboda hannu a damfara. Sai a Disambar 2023 Babban Banki ya wajabta BVN ko NIN a kan ƙananan asusu, a Afrilun 2024 kuma ya dakatar da wasu manyan kamfanonin manhajar kuɗi daga ɗaukar sababbin mutane na wasu makonni, har sai sun gyara yadda suke tantancewa. Gyaran ya zo a makare. Ya kamata mu riƙa faɗa wa wakilanmu na Karaye da Rogo wannan duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a. Amma kafin su ji, masarar bana za ta shiga kasuwa.

Mu koma kan watanni biyun nan na shiru, domin a ganinmu a nan aka yi asara ta biyu. Tiransifa tana tafiya cikin daƙiƙoƙi, amma ɓarawo yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya rarraba ya cire. In an sanar da banki da wuri, ana iya rufe asusunka kada sauran su fita, ana kuma iya sa wa asusun da kuɗin suka shiga takunkumi. Ba kullum ake dacewa ba, amma awa ɗaya da wata biyu ba ɗaya ba ne. Yawancin bankuna suna da lambar tauraro ta rufe asusu, wadda ake iya dannawa daga wayar wani in taka ta ɓace. Kowa ya tambayi ta bankinsa ya rubuta a takarda, ya ajiye a gida, ko cikin Littafi Mai Tsarki ne, muddin ba cikin wayar da za a sace ba. Bayan an rufe, a je ofishin kamfanin waya a toshe layin a karɓi sabo, a rubuta wa banki koke a karɓi shaidar an kai, a sanar da 'yan sanda. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, doka ta ba ka dama ka kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Me ya hana jikan Baba yin ko ɗaya daga cikin waɗannan? Tsoron bakinmu. Ya san yadda muke. Ya taɓa jin mun yi wa wani dariya a bayan majami'a, muna cewa duk wayonsa an wanke shi. Ya san wasu za su ce kwaɗayi ne, wasu su ce da yana addu'a da bai faru ba. Alhali ba kwaɗayi ya yi ba, ƙoƙarin ceton kuɗin kakansa yake yi. Ɓarawon ya san da wannan kunyar, da ita ya yi lissafi. Kowane mako da aka yi shiru, lambar da ta kira Baba tana kiran wani baba a Yammedi ko Zoza da labari iri ɗaya. Da an tashi ranar Lahadin farko an ce, jama'a, ga abin da ya same mu, ga yadda suka ce, da ikilisiya duka ta samu rigakafi kyauta. Muna ba da shaidar warkarwa da ta samun aiki. Ya kamata a samu wurin irin wannan shaidar ma, a karɓe ta ba tare da murmushin gefen baki ba. Za mu yi wa mutum addu'a, ƙwarai kuwa, amma wani ya riƙa kiran banki yayin da sauran suke durƙushe.

Abin ya shafi baitulmalinmu ma. Kuɗin zumunta da yawa, na taron matasa, na sayen kayan kiɗa, na adashen mata, suna zaune a asusun mutum ɗaya, a wayarsa, da lambar da shi kaɗai ya sani. Ba rashin yarda da ma'aji ba ne in muka ce a buɗe asusu da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu, alat yana zuwa wa mutum biyu. Kariya ce gare shi. Ranar da aka sace wayarsa a kasuwa, ko aka yaudare shi kamar yadda za a iya yaudarar kowannenmu, ba zai tsaya shi kaɗai yana rantsuwa a gaban dattawa ba.

Kuɗin Baba ba su dawo ba. Da aka je banki an yi latti, aka karɓi koken aka ce za a bincika. Zumuntar maza ta haɗa masa taki buhu biyu da damina ta faɗi, matasa suka yi masa gayya ranar noman farko. Jikan ya dawo cikin mawaƙa, kuma shi da kansa ya ce a rubuta wannan, in dai ba za a sa suna ba.

Shi ne ma zai jagoranci zaman da muka shirya ranar Lahadi mai zuwa bayan an tashi sujada, a inuwar da ke gefen majami'a. Kowane matashi ya zo da babba ɗaya daga gidansu, da wayarsa, da katin da aka ɓallo sim in yana nan. Za mu sa kullen sim, mu kunna mataki na biyu a WhatsApp, mu canza duk lambar sirrin da ta zama shekarar haihuwa, mu rubuta wa kowa lambar rufe asusun bankinsa a takarda. Wurin canza lamba mai taimako zai nuna inda ake dannawa, sannan ya juya baya har sai an gama. Mama da idonta ba ya gani sosai ta zaɓi mutum ɗaya tak a cikin 'ya'yanta, ta faɗa a gaban sauran cewa shi ne. Masu zuwa daga nesa su taho da abin zama, bencin ba zai isa ba.